Shanyar Wake a Gangarar Tungar Kirya

Na manta ranaku da yawa na aikin nan, har da ranar da aka ɗauke ni aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka juya mana tseren keke ba. Ku da kuka shigo ofishin wasanni bayanmu kun sha tambayata me ya sa nake ɗaure fuska duk sanda wani ya ɗaga waya ya ce ya gama tsara hanya. Na ma ji wasunku suna cewa Koci Umaru ya tsufa, ba ya son abin zamani. To ku sani ni ne mutum na farko da ya kawo manhajar tsara hanyar keke ofishin nan, kuma har gobe ina aiki da ita. Ku ji abin da ya faru tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Lokacin ina mataki na tara, ina riƙe da sashen tseren keke na shiyyar yamma, wato Anka da Bukkuyum da Gummi. Kaka ce, ta shekarar da ake ta shirin zaɓe, kowane babban mutum yana neman inda zai tsaya a ɗauke shi hoto. Aka ce za a yi tseren kwalta daga Anka zuwa Gummi, tafiyar kusan kilomita ɗari, kuma wani mai zaɓen 'yan wasa zai zo daga Abuja ya ɗauki wanda ya yi fice zuwa sansanin horo na ƙasa. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya shiga sansanin, in ya dawo akan ba shi takardar aiki, ya zama ɗan wasa mai albashi.

Ina da mutum ɗaya da na san zai iya, sunansa Lawali, ɗan Gummi. Tallan burodi yake yi a kan keke, ya ɗora akwati a baya ya zaga ƙauyuka, shi ya sa ƙafarsa ba irin ta sauran ba ce. Yana da mata da 'ya ɗaya, ga Innarsa a hannunsa. Shekarunsa sun kai gaɓar da in bai shiga sansanin a wannan karon ba, ba za a ƙara duba shi ba, don masu zaɓe matasa suke so. Shi ya san haka, ni ma na sani. Keken tsere mai kyau guda ɗaya ofishinmu yake da shi, na ba shi, na ce duk wanda ya ji haushi ya zo ya same ni.

Ga waɗanda ba su san yadda manhajar take ba, abin mai sauƙi ne. Ka buɗe taswira a kwamfuta ko a babbar waya, ka ɗiga inda za a tashi, ka ɗiga inda za a tsaya, sai ta ja maka layi a kan hanya, ta faɗa maka nisa. A ƙasan taswirar kuma ta zana maka tudu da kwari, ka ga inda hawa yake da inda gangara take. In mahayi ya sa wayar a aljihu, ta riƙa rubuta inda ya bi da irin gudun da ya yi a kowane yanki, ta kuma gwada shi da na sauran waɗanda suka bi wurin da ita. Kafin ta zo, da mitar mota muke auna hanya, kowane direba da nasa lissafin. Na ji daɗinta ƙwarai, har na kai kwamfuta ofishin Darakta na nuna masa. A cikin nunin ne ya ga wata 'yar kibiya mai kai biyu, ya ce wannan fa? Na ce, “Ranka ya daɗe, in ka danna ta, farko ya koma ƙarshe, ƙarshe ya koma farko.” Ya danna, layin ya juya, ya yi dariya, ya sake dannawa ya mayar.

Amma ƙa'idar aikinmu ba ta ƙare a kan taswira. Bayan an ja layi, akwai abin da muke kira bin hanya. Koci ya hau babur ya bi kowane taku na kwaltar, ya ga ramuka, ya ga inda shanu ke tsallakawa, ya san ranar kasuwar kowane gari. Sannan a sanar da 'yan sanda, a zaɓi masu tuta da za su tsaya a mararraba, a shirya motar gaba mai jiniya, a shirya motar asibiti wadda dole ta bi bayan mahaya. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don zan dawo kansa.

A yankinmu kuma da kaka akwai wani abu da babu taswirar da take nuna shi. Manoma suna shanya wake a kan kwalta. Su kawo shi da kwansonsa, su baza a gefe ɗaya na titi, rana ta busar da shi, motoci su tattake shi kwanson ya farfashe, da la'asar su share su sheƙe. Su kuma jera duwatsu a bakin shanyar don kada manyan motoci su hau inda ba a so. Direbobi sun saba, su kauce ko su bi ta kai. Amma keken tsere tayarsa siririya ce, kaurinta bai fi babban yatsa ba, kuma ƙwayar wake a kan kwalta santsi gare ta fiye da yadda kuke zato.

Saboda haka na ɗauki kwanaki ina bin ƙauyukan hanyar ɗaya bayan ɗaya. Kowane gari in sauka wurin hakimi, a yi gaisuwa, a sha ruwa, in yi bayani, a kira mai shela. Ban nemi su bar shanya wuni guda ba, don ba su da wannan sararin, kuma ba ni da ikon hana mutum busar da abincinsa. Maganata ɗaya ce a ko'ina: ku yi mana haƙuri har kekuna su wuce, da zarar kun ga sun wuce kwalta taku ce. Mutanen wajen Anka na ce musu tun da sassafe za a wuce su. Mutanen wajen Gummi na ce musu sai rana ta ɗaga.

Akwai wani ƙauye da bai yi nisa da Anka sosai ba, zan kira shi Tungar Kirya. Garin yana kan tudu, daga saman tudun ake fara gangarowa gabas, a yi wata kwana, a sauka kan kwalbati. A ƙasan kwanar nan wani dattijo yake shanya, Malam Bube, don gonarsa tana nan bakin titi, bai cika shiga gari ba in ba Juma'a ba. Na tsaya na same shi da kaina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam koci, in ji dai ba wuni za ku sa mu yi ba? Waken ga na jiƙe da raɓa, rana shika so.”

Na ce, “A'a, Baba. Da safe ne. Kana ganin kekuna sun wuce, ka shimfiɗa abinka.”

Ya ce, “To na jiya. In sunka wuce in shimhiɗa. In ba su wuce ba, ba ni taɓa kwalta.”

Wurin bai dame ni ba ko kaɗan. In ka taso daga Anka, wannan yankin doguwar hawa ce, mahaya suna nishi suna jan feda a hankali, ko akuya ce ta shigo za su kauce mata. Manhajar ma ta nuna haka ɓaro-ɓaro a zanen tudu da kwari.

Ana gobe tsere na je Gusau inda aka tara mahayan, na ba Lawali babbar wayata, na nuna masa inda zai danna in an busa usur, ya sa a aljihun bayan rigarsa. Ina so mai zaɓen ya ga gudunsa a rubuce, kada wani ya zo da zancen alfarma. Ni kuma na riƙe 'yar ƙaramar wayata mai tocila, na koma Anka na kwana, don in shirya wurin tashi.

Da safe na ja layi da farar ƙasa a kan kwalta, na kafa tutoci, mutane suka taru. Can sai ga jiniya. Motar 'yan sanda a gaba, sai babbar mota buɗaɗɗiya da kekuna a jere a kanta suna ƙyalli, sai bas ɗin mahaya, sai motar Darakta. Na ɗaga hannu. Ba wanda ya ko rage gudu. Suka take layin farar ƙasata suka yi yamma. Na hango Lawali ta tagar bas yana juya mini tafin hannu, alamar shi ma bai san me ake ciki ba.

Na kira Darakta, bai ɗauka ba. Na kira sakatarensa, waya a kashe. Na zauna ina ta kira, ina tunanin ko sun je shan mai ne, ko za su juyo. Sai da hantsi ya yi sosai sannan ya ɗauka, daga Gummi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina Anka, kun wuce ni.”

Ya ce, “Au, ba a faɗa maka ba? An ɗan yi gyara. Babban baƙo ba zai iya zuwa har Gummi ba, yana da taro. A Anka zai ba da kofin gasar. Daga nan za mu tashi, a ƙare a wurinka. Ka mayar da layinka ya zama na ƙarewa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a juya tsere ranar tsere. Na yi magana da ƙauyuka.”

Ya ce, “Umaru, kai fa ka nuna mini abin nan. Na danna da hannuna jiya, layi ɗaya ne, nisa ɗaya ne, ko taku bai ƙaru ba. Mene ne na tayar da hankali?”

Na ce masa akwai shanya. Na ce masa mutanen wajen Anka sun ga kekuna sun wuce da idonsu. Na roƙe shi ya riƙe mahayan har in share hanya in kira shi. Ya ce babban baƙo a Anka zai yi azahar ya wuce, ba za a zaunar da shi saboda wake ba. Na ce to a ba ni motar 'yan sanda ta riga su tahowa tana shela. Ya ce motar tana da aikinta. Na tambayi motar asibiti, don ban gan ta a cikin ayarin ba. Ya ce an ce ta tsaya Anka kusa da rumfar taro, don baƙi su ga an yi shiri. Na waiwaya, ai kuwa ga ta can ta iso, an wanke ta tas, direban yana zaune a inuwa yana cin gyaɗa. Na je na ce ya biyo ni, ya ce shi daga sama aka ba shi umarni.

Ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin ta wannan safiyar ba, amma ba lokacin faɗa ba ne. Na hau babur na yi yamma. Shawarar da na yanke ita ce in je can ƙarshen ƙauyukan da na yi wa alkawarin safe, tunda su mahayan za su fara isa, sannan in riƙa dawowa gabas ina share hanya a gabansu. Da na zo Tungar Kirya, gangarar fes take, ba ko ƙwaya ɗaya, Malam Bube kuma ba ya bakin titi. Na hau gari, na tarar hakimi ya tafi ta'aziyya. Na bar saƙo wurin dattawan da ke ƙofar gidansa, na ce don Allah a sake shela, kekuna suna nan tafe daga yamma. Suka ce za a yi, kuma daga baya na tabbatar sun yi. Na wuce.

Abin da na tarar a gaba shi ne abin da na ji tsoro. Masu tutar da na ajiye duk sun naɗe tutocinsu sun tafi gida, don su ma sun ga ayari ya wuce. Wake a kan kwalta gari bayan gari. Kuma ga wani abu da wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane ba: ba mai taɓa shanyar wani. Ko ka yi ta roƙo, sai su ce ta wane ce, yana gona, bari a kira shi. Ba taurin kai ba ne. In ka kwashe waken mutum ba ya nan, gobe ya ce mudu biyu sun ɓata, wa zai rantse? Haka na riƙa tsayawa ana aika a kira mai shi, in ya zo mu taru da tsintsiya da buhu mu share, mu mirgine duwatsu, in hau babur in yi gari na gaba. Ba wanda ya yi mini musu. Wani ma har haƙuri yake ba ni, alhali ni ya kamata in ba shi.

Ina cikin dawowa, na kusa tudun Tungar Kirya, sai jiniya ta cim mini. Ɗan sandan da ke gaban mota ya leƙo yana kora ni da hannu, in sauka daga titi. Na yi masa nuni ya tsaya, bai tsaya ba. Na sauka gefe. Bayan motar da ɗan tazara sai ga Lawali shi kaɗai, ya kwanta a kan keke, ko ƙurar na biyu ba a hangowa. Ya gan ni, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan birki, ya yi murmushi. A raina na ce alhamdu lillahi, saura kaɗan, kuma gangarar nan na gan ta da idona fes take. Na bi bayansa.

Abin da ban sani ba, Malam Bube bai shiga gari ba ranar, shela ba ta kai gonarsa ba. Ya ga kekuna sun wuce a kan mota tun da safe. Duk da haka bai yarda ya shimfiɗa ba, ya ce bari ya ƙara jira ko akwai na baya. Ya jira har rana ta take, lokacin da na wuce yana can cikin gona yana loda amalanke. Da ya ga shiru sai ya kawo wakensa ya baza a ƙasan kwanar, ya jera duwatsunsa yadda ya saba, ya koma ɗauko sauran.

Motar 'yan sanda ta sha kwanar ta bi ta kan waken ta wuce abinta, ko birki ba ta taka ba, don a wurin direban mota shanya ba komai ba ce. Ita ce ma ta ƙara farfasa kwanson ta watsa ƙwayar ko'ina. Lawali ya shigo kwanar da duk gudun da gangara ta ba shi. Ina bayansa, ina gani. Tayar gaba ta zame, keken ya kwanta, shi kuma ya tafi da gefensa a kan kwalta har ya haɗu da duwatsun. Hular kwano ta ceci kansa. Cinyarsa ta dama ce ta bugi babban dutsen.

Da na iso yana ƙoƙarin tashi, yana cewa, “Koci, ɗauko min keken, ba su iso ba tukuna.” Na dubi ƙafar na ga ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na danne kafaɗarsa na ce ya kwanta. Na koma tsakiyar titi ina kaɗa rigata don na baya su rage gudu, suka zo suka lallaɓa ta gefe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dube shi ya wuce, don tsere bai tsaya ba. Motar Darakta ma ta zo, aka sauke gilashi, ya ce za a turo motar asibiti, aka ɗaga gilashi. Malam Bube ya fito daga gona a guje, ya tsaya, ya dubi waken, ya dubi Lawali, ya dube ni. Ya ce, “Malam koci, ai sun wuce. Na gane su da idona, bisa mota. Kai kac ce in sunka wuce in shimhiɗa.” Na ce, “Haka na ce, Baba.” Gaskiya ya faɗa.

Motar asibiti ba ta zo ba, sai bayan an gama ba da kofi aka sake ta. A bayan akori-kurar wani mai ɗaukar hatsi muka kai Lawali, a kan buhunan da Malam Bube ya shimfiɗa masa, ni da shi muna riƙe da ƙafar. Muna shiga Anka muna jin lasifika ana yabon babban baƙo da irin ƙaunar da yake wa matasa. Mai zaɓen da ya zo daga Abuja ya ɗauki wanda ya zo na ɗaya, ya tafi. Ban ga laifinsa ba, shi abin da ya tsallaka layi yake dubawa.

Ban gama haɗiye wannan ba, kashegari na ji an je an kama Malam Bube, wai ya toshe hanyar gwamnati ranar taro. Na wuce ofishin Darakta kai tsaye, ban ko jira sakatare ya yi mini iso ba. Na tarar ya buɗe kwamfuta, taswirar tana kan allo, yana shirya rahoto. Ya ce, “Yauwa Umaru, zo ka sa hannu. Mun rubuta cewa rashin wayewar mutanen ƙauye ne ya jawo hatsarin.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a duk hanyar nan daga Gummi har Anka, mutum ɗaya ne ya yi daidai abin da aka ce ya yi, kuma shi ne yake tsare. Mu ne muka saɓa.”

Ya ce, “Ka iya bakinka. Hanyar da ka tsara ita aka bi.”

Na ce, “Ba ita aka bi ba.” Na miƙa hannu na nuna masa zanen tudu da kwari a ƙasan taswirar, wanda bai taɓa duba ba. Na ce, “Nan hawa ce a tawa hanyar. A taka gangara ce.” Ya rufe kwamfutar, ya ce in fita.

Ban sa hannu ba. An aika rahoton ba hannuna, kuma ba wanda ya tambayi dalili. Hakimin Tungar Kirya da ni muka yi ta zirga-zirga har aka sako Malam Bube, bayan an sa shi ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Ni kuma ba a jima ba aka ɗauke ni daga sashen keke aka kai ni ɗakin ajiyar kaya, ina ƙirga ƙwallaye da raga, sai da Daraktan ya bar ofis aka dawo da ni. Wannan bai dame ni ba kamar yadda suka so. Abin da ya ci mini rai shi ne, a taron ƙarshen shekara an haska taswirar nan a bango, an ce ofishinmu ne na farko da ya tsara tsere da fasahar zamani, aka yi tafi.

Ƙafar Lawali ta haɗe, amma ta gajarce. Na je duba shi a Gummi bayan an sallamo shi, na tarar Malam Bube ya riga ni, ya yi wannan doguwar tafiya da rabin buhun wake a kan kabu-kabu. Yana durƙushe a ƙofar ɗaki ya kasa shiga. Innar Lawali ce ta ce, “Malam, tashi ka shigo. Mun ji yadda anka yi. Ba kai na ba.” Lawali kuma ya ce, “Baba, ai waken bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. Waɗanda sunka haɗa mu suna can.” Aka yi 'yar dariya, ban da ni. Da zan tafi ya miƙo mini wayata, gilashin ya tsage amma tana aiki. Ya ce, “Koci, duba muna, in ji na yi gudu?” Na duba. Tun daga Gummi har kwanar nan, kowane yanki shi ne a sama. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango.

Yanzu faci yake yi a bakin tashar Gummi. Ba ya iya tallan burodi, don ƙafar ba ta jure feda mai nisa. In kun bi ta can da keken ofis ku tsaya wurinsa, ba wanda ya fi shi iya ɗaure kaca.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne wannan. Ku yi aiki da manhaja, tana da amfani, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Amma duk hanyar da kuka tsara, kun ɗauki alkawari ne da mutanen da ke zaune a bakinta, kun ce musu ga lokaci, ga inda za a ɓullo. Mutanenmu suna riƙe irin wannan maganar fiye da yadda mu ma'aikata muke riƙe ta. Wanda zai canja ko da abu ɗaya a cikinta, to ya hau babur ya koma ya faɗa wa kowa da bakinsa, in kuwa ba zai iya ba, ya bar ta yadda take. Duk wanda ya ce muku juyawa ba komai, ko wane ne shi, ku ce masa a'a tun kafin a busa usur.

Tafiyar Lawali tana nan a cikin manhajar da sunana, tunda wayata ce. Layin ya taso daga Gummi, ya zo ƙasan Tungar Kirya ya tsaya. Duk shekara in kaka ta zagayo sai ta aiko mini da saƙo, da hoton ɗan kofi a gefe, tana taya ni murna wai har yanzu ba wanda ya kai ni gudu a gangarar nan. Na san inda ake kashe saƙon. Ban kashe ba.